ƘARIN GARANTIN MOTA: RIBA CE KO ASARA GA FALKE?

A wannan fitowa za mu tattauna a kan wata takarda da masu sayar da motoci ke turo wa mutum a daidai lokacin da ya gama ciniki, yana shirin karɓar makulli. Sai ka ji an ce, "Alhaji, ƙara ɗan wani abu mu tsawaita maka garanti, shekara biyu nan gaba duk abin da ya lalace mu ne da gyara." Magana ce mai daɗin ji, musamman ga wanda mota ta taɓa mutu masa a daji da shanu a baya. Amma kuɗin da ake nema ba kaɗan ba ne, wani lokaci ya kai kuɗin bijimi. Don haka muka ga ya dace mu warware maganar dalla-dalla, kowa ya san abin da yake saye kafin ya sa hannu.

Mene ne garanti, mene ne ƙarinsa?

Mu da ke harkar dabbobi mun san garanti tun kafin zuwan mota, sai dai ba da wannan suna ba. Idan ka sayi sa a kara, dillali ne ke tsaya maka cewa ba na sata ba ne, kuma in aka tarar da wani aibi da aka ɓoye, shi za ka nema. La'adar da ya karɓa har da ladan wannan tsayawa. To, haka ma kamfanin da ya ƙera mota yake tsaya wa wanda ya sayi sabuwa: in wani abu ya lalace saboda kuskuren ƙira ko na haɗi, zai gyara ko ya musanya ba tare da an biya ba. Wannan shi ne garantin asali, kuma kuɗinsa na cikin kuɗin mota.

Garantin asali yana da iyaka biyu, wato shekaru da kilomita, kuma duk wadda aka fara cimma ita ke kashe shi. A ƙasashe da dama Toyota na ba da shekara 3 ko kilomita 100,000. A Amurka tana ba da shekara 3 ko mil 36,000 ga mota gaba ɗaya, da shekara 5 ko mil 60,000 ga inji da giya. Mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, ke nan mil 36,000 bai wuce kilomita 58,000 ba. Kia a Turai tana ba da shekara 7 ko kilomita 150,000. Kowane kamfani da nasa, kowace ƙasa da nata.

Shi kuma ƙarin garanti yarjejeniya ce dabam da ake saye da kuɗi dabam, wadda ke fara aiki bayan na asali ya ƙare. A dokar Amurka ma ba a kiransa garanti, kwangilar gyara ake ce masa. Wannan suna ya fi dacewa da shi, domin abin da aka rubuta cikin kwangilar shi kaɗai za a yi maka, abin da ba a rubuta ba kuwa ko mai sayarwa ya rantse maka babu shi.

Garanti dabam, asirans dabam

Mutane da yawa na haɗa waɗannan biyu. Asirans, wato inshora a bakin ƴan uwanmu na Najeriya da Gana, ita ce doka ta tilasta wa kowace mota. A ƙasashe 14 na yarjejeniyar CIMA, wadda aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, ciki har da Nijar, Kamaru, Cadi, Benin da Togo, dole ne mai mota ya riƙe asirans ta ɓarnar da motarsa ka iya yi wa wani. Katin da ake nunawa a kan iyaka, kamar katin ruwan ƙasa na CEDEAO da aka kafa a 1982 ko katin ruwan hoda na ƙasashen CEMAC, shi ma na wannan ɓarna ne. Babu ɗayansu da ke gyara inji in ya buga.

Haka nan ƙarin garanti ba ruwansa da haɗari, gobara, sata ko ambaliya. In mota ta faɗa rami aksil ya karye, mai garanti zai ce haɗari ne, je ka ga mai asirans. Mai asirans kuma zai duba takardarka ya ce ta ɓarnar wani ce kawai. Sai ka tsaya a tsakiya da takardu biyu, ba wadda ta amfane ka.

Wa ke bayan takardar?

Kafin ka tambayi nawa ne, tambayi wa zai biya ranar da mota ta lalace. Masu ba da ƙarin garanti iri uku ne.

Na farko shi ne kamfanin da ya ƙera motar, ta hannun wakilinsa na ƙasa, kamar yadda CFAO ke wakiltar Toyota a ƙasashen Afirka da dama masu amfani da Faransanci. Wannan ya fi ƙarfi, don ana sa kayan gyara na asali, kuma kamfanin ba zai ɓace da dare ba.

Na biyu shi ne mai sayar da motar da kansa, wato mai fili ko mai gareji da ya rubuta maka wata uku ko wata shida a kan inji da giya. Ƙarfin wannan takarda daidai yake da ƙarfin mutumin da amanarsa. In ya rufe fili ya koma wani gari, takardar ta bi shi.

Na uku shi ne wani kamfani can dabam, wanda bai ƙera motar ba, bai sayar da ita ba, sana'arsa kawai sayar da alkawarin gyara. Cikinsu akwai na kirki masu kamfanin asirans a bayansu, akwai kuma na banza. A Amurka wani babba daga cikinsu mai suna US Fidelis ya karye a 2010, ya bar mutane masu ɗimbin yawa da takardu a hannu, masu shi kuma suka ƙare a gidan kaso. A 2023 hukumar sadarwa ta Amurka ta ci tarar wasu gungun mutane kusan dalar Amurka miliyan 300 saboda kiraye-kirayen waya na yaudara da suke damun jama'a da su a kan ƙarin garantin mota. In har haka ta faru a inda hukuma ke sa ido, to, a nan sai mu ƙara buɗe namu idon.

Abin da aka gani a inda abin ya yi yawa

A ƙarshen 2013 mujallar Consumer Reports ta Amurka, wadda ke binciken kaya don amfanin masu saye, ta tambayi masu karatunta fiye da 12,000 da suka sayi ƙarin garantin mota. Kashi 55 cikin 100 ba su taɓa amfani da shi ba ko sau ɗaya. Kuɗin da aka saba biya ya ɗan haura dala 1,200, waɗanda suka yi amfani da shi kuwa abin da ya rage masu na kuɗin gyara wajen dala 837 ne. Wato ko wanda ya amfana, a mafi yawan lokaci abin da ya zuba ya fi abin da ya kwasa.

Wannan ba abin mamaki ba ne ga ɗan kasuwa. Kamfanin ba sadaka yake yi ba. Cikin kuɗin da ka biya akwai kamashon wanda ya tallata maka, akwai albashin ma'aikata, akwai ribar kamfani, abin da ya saura shi ne na gyara. Dole jimlar abin da masu saye suka biya ta fi jimlar abin da aka kashe a kan motocinsu, in ba haka ba kamfanin ya rufe. Saboda haka duk wanda ya saya da niyyar cin riba ya yi kuskuren lissafi. Abin da ake saye shi ne kariya daga babbar asara ta farat ɗaya, irin wadda ke iya durƙusar da jari. Tambayar da za mu yi ke nan: a irin aikinmu, da irin motocinmu, wannan kariya tana tabbata kuwa?

Motar da ta sauko daga jirgi

Mafi yawan motocin da muke hawa, da manyan motocin da ke kai shanunmu kudu, na hannu ne. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai, Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo. Namu ta tashoshin Kwatano, Lome, Duwala, Tema da Legas suke shigowa.

Irin wannan mota, ko da an tarar da littafin garanti cikin aljihunta, kusan kullum littafin ya zama tarihi. Dalili na farko, shekarunta ko kilomitanta sun wuce iyaka. Na biyu, garanti na bin yankin da aka sayar da motar, na Faransa ko Beljiyam ba ya tsallako teku. Na uku, wani garantin na mai saye na farko ne kaɗai: shekara 10 ko mil 100,000 da Hyundai ke bayarwa a kan inji da giya a Amurka ba ya bin motar zuwa hannu na biyu, sai dai ragagge. Na huɗu, motoci da yawa da ake kawowa daga gwanjon Amurka waɗanda suka yi haɗari ne ko ruwa ya ci, kamfanin asirans ya yanke masu hukuncin kwandem, kuma wannan hukunci na kashe garantin kamfani.

Ko sabuwar mota fil da aka sayo ta Dubai, ba ta hannun wakilin ƙasarku ba, sai a yi hattara. Sau da yawa wakilin gida ba ya ɗaukar nauyinta. Kafin ka biya, ɗauki lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, ka kai wa wakilin ya duba maka, ya faɗa maka a rubuce ko zai karɓe ta ko ba zai karɓa ba.

Akwai kuma batun agogon kilomita. Kowa ya san ana mayar da shi baya. In ka sayi ƙarin garanti a kan motar da agogonta ke nuna 90,000, daga baya na'urar gareji ta gano ta yi 200,000, kamfanin zai soke yarjejeniyar, ko da ba kai ka taɓa agogon ba.

Abubuwan da ke kashe garanti, kuma su ne aikinmu na kullum

A nan ne maganar ta fi shafar falke. Kowace kwangilar gyara tana da shafin abubuwan da aka cire, galibi da ƙananan haruffa. In ka karanta shi sai ka ga kamar da mu aka rubuta shi.

Aikin haya da kasuwanci. Yawancin ƙarin garantin ƙananan motoci na mai hawa ne shi da iyalinsa. Motar da ke dakon kaya, ko ɗaukar fasinja, ko jigilar tumaki daga kasuwannin ƙauye zuwa Maraɗi ko Tawa, tana buƙatar kwangila ta musamman mai tsada. In ka ɓoye aikin motar lokacin saye, kashin awaki da ke bodi zai tona ranar da aka kai ta gareji.

Lodi fiye da ƙima. Kowace mota da nauyin da aka ƙera ta ta ɗauka, yana rubuce a takardunta. Akori-kura irin Hilux wajen tan ɗaya take ɗauka. Mu kuwa mun san yadda ake yi mata ranar kasuwa. Manyan motoci ma haka, ga dokar UEMOA mai lamba 14 ta 2005 da ta ƙayyade nauyin kowane aksil. In giya ko aksil ya lalace, injiniyan kamfani ya ga alamun lodi, magana ta ƙare.

Sauya fasalin mota. Ƙarin sifirin, ƙera bodin katako ko na ƙarfe mai hawa biyu don raguna, ƙarin tanki, cire na'urar tace hayaƙi: duk wannan hujja ce ta ƙin biya.

Mai maras kyau. Injinan gazuwal na zamani suna da famfo da nozul masu laushin hali, an ƙera su don man Turai wanda tun 2009 sinadarin farar wuta da ke cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Man kwalba da na jarka da ake saye a bakin hanya, ruwa-ruwa a Nijar, zuwa-zuwa a Kamaru, kpayo a Benin, ba wanda ya san abin da ke cikinsa na ruwa ko ƙura ko kananzir. Kamfani kan ɗebi man tanki ya gwada, in ya tarar da gauraye ba zai biya ba. Gyaran famfo da nozul kuwa yana cikin mafi tsada.

Juyen baƙin mai a kan lokaci. Dole a bi abin da littafin mota ya faɗa, galibi kowane kilomita 5,000 ko 10,000, a garejin da kamfani ya yarda da shi, da hatimi da rasit. Bakanikenmu na tasha, komai gwanintarsa, ba shi da wannan hatimi. Wanda ke zaune a Damagaram, in garejin da aka yarda da shi yana Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 ce zuwa kawai.

Kayan da ke cinyewa. Taya, batir, birki, kuloci, shakazoba, bel, fitilu da matatun mai da na iska ba sa cikin garanti. Su ne kuwa hanyoyinmu suka fi ci.

Iyakar ƙasa. Kwangilar da aka saya a Yamai ba lalle ta yi aiki a Kano, Ibadan ko Legas ba, wadda aka saya a Injamena ba lalle ta yi a Maiduguri ko Ngaundare ba. Mu kuwa rabin tafiyarmu a ƙasar wasu take.

Neman izini kafin gyara. Kusan dukkansu sun shardanta cewa ba za a kwance komai ba sai kamfani ya amince. Wanda motarsa ta mutu da shanu 30 a baya cikin zafin bazara ba zai jira amsar ofis kwana uku ba. Zai kira bakanike mafi kusa, a kwance, a gyara, a wuce. Da ya yi haka, ya fita daga sharaɗi.

Asarar da ta biyo baya. Wannan ita ce babba. In mota ta mutu a hanya, kuɗin gyara shi ne ƙaramar asara. Babbar ita ce dabbobin da suka rame ko suka faɗi, kuɗin hayar wata mota a sauya lodi, abincin direba da yaran mota da masu kula da shanu, da kasuwar da ta wuce ka, musamman ana gab da Sallar Layya. Ƙarin garanti ba ya biyan ko dala ɗaya daga cikin wannan.

Mu yi lissafi irin na kasuwa

Ga misali, lambobin kuɗin namu ne don a gane hanyar lissafin, kowa ya sa nasa na gaskiya. Mu ɗauka ka sayi sabuwar akori-kura mai garantin shekara 3 ko kilomita 100,000. An ce ka biya sefa 600,000 a kai maka shi shekara 5 ko kilomita 150,000. A baki, ƙarin shekara biyu ke nan.

To, amma duba tafiyarka. Yamai zuwa Damagaram, zuwa da dawowa, wajen kilomita 1,800. In kana yin haka sau biyu a wata, ka yi 43,200 a shekara. Haɗa da zagayen kasuwanni, a ce 50,000. Ke nan garantin asali zai ƙare cikin shekara biyu, ƙarin kuma zai ƙare a ƙarshen shekara ta uku. Abin da ka saya shekara ɗaya ce, kilomita 50,000, wato sefa 12 a kowace kilomita.

Ba a nan kuɗin ya tsaya ba. Cikin kilomita 50,000, in ana juye kowace 5,000, sau 10 za ka shiga garejin kamfani. In kowane shiga ya fi na bakaniken gari tsada da sefa 40,000, an ƙara 400,000. Jimla ta zama miliyan ɗaya, ban da kuɗin mai da kwanakin da motar za ta yi ba aiki, ban da kason da wasu kwangiloli ke cewa kai za ka fara biya a kowane gyara.

Yanzu a ce babban gyaran da kake tsoro, na giya ko na inji, sefa miliyan 2 ne. Kafin cinikin ya tashi babu ci babu asara, sai ya zama cikin kowace mota biyu irin taka ɗaya na yin wannan lalacewa tsakanin kilomita 100,000 da 150,000, kuma kamfani ya yarda ya biya ba gardama. Tambayi tsofaffin direbobi da kanikawa ko haka abin yake ga irin motar. In sun ce da wuya, ka sami amsarka. In kuwa sun ce ai haka take yi, to, matsalar ta wuce garanti, motar ce bai kamata a saya ba.

Wani abu kuma: in da bashin banki ka sayi motar aka cusa kuɗin garanti a ciki, har shi za ka biya wa ruwa tsawon shekarun bashin, alhali bai fara aiki ba sai na asali ya ƙare.

Haƙƙin da doka ta ba mu ba tare da biya ba

Kada a sayar maka da abin da yake naka tun farko. A ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci da aka kafa a 1993, wadda Nijar, Kamaru, Cadi, Benin, Togo, Mali da Burkina Faso ke ciki, dokar kasuwanci da aka sabunta a Lome a 2010 ta tanadi cewa a ciniki tsakanin ƴan kasuwa, dole mai sayarwa ya ba da kaya daidai da abin da aka yi yarjejeniya. In aibin a fili yake, mai saye na da wata ɗaya daga ranar karɓa ya sanar da mai sayarwa. In ɓoyayye ne, yana da shekara ɗaya daga ranar da ya gano shi, ko ya kamata ya gano shi, ya kai ƙara. Amma wannan haƙƙi na tafiya ne da shaida. Wanda ya sayi tirela da musafaha kawai, babu takardar ciniki mai ɗauke da lambar shasi, shekarar ƙira, kilomita da kuɗin da aka biya, zai sha wuya gaban alƙali.

Haka nan idan kamfani ya gano kuskure a wani rukunin motocinsa ya yi kiran a dawo da su, gyaran ba ya cikin lissafin garanti. Mafi girma a tarihi shi ne na jakar iska ta kamfanin Takata, wanda a Amurka kaɗai ya shafi jakunkuna wajen miliyan 67, a motocin Toyota, Honda, Nissan da wasu da dama. Da lambar shasi ake dubawa, kuma yana da kyau duk mai motar hannu ya tambayi wakilin kamfanin.

Ta fuskar addini

Da yawa daga cikinmu za su so su san matsayin wannan ciniki. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci tana da garari mai yawa, wato biyan kuɗi a kan abin da ba a san zai auku ko ba zai auku ba, ta kuma halatta ta taimakon juna, wadda ake kira takaful. Kamfanin farko na irin wannan a Sudan aka kafa shi a 1979. Game da ƙarin garanti, malamai da dama na bambanta wanda mai sayarwa ya haɗa cikin cinikin motar tun farko, wanda suke ganin yana bin cinikin ne, da wanda aka saya dabam daga wani kamfani, wanda suke ganin ya fi kama da inshora. Mu ba malamai ba ne. Mai shakka ya ɗauki takardar ya kai wa malamin da ya yarda da shi kafin ya biya.

Tambayoyi goma kafin sa hannu

1. Wa zai biya kuɗin gyara, kuma ina ofishinsa yake?
2. Yaushe garantin asali zai ƙare, kuma daga wace rana ko wace kilomita ake ƙirga ƙarin?
3. An lissafa kayan da aka rufe ne kaɗai, ko an rufe komai ban da abin da aka lissafa? Na biyun ya fi faɗi.
4. An rubuta cewa motar ta kasuwanci ce, tana dakon dabbobi?
5. Waɗanne ƙasashe yake aiki a cikinsu? A rubuta sunayensu.
6. Waɗanne gareji aka yarda da su, kuma akwai su a kan hanyar da kake bi?
7. In mota ta mutu a daji ko da dare, wa za a kira, kuma wa ke biyan janwe?
8. Nawa ne kasonka a kowane gyara, kuma nawa ne iyakar abin da za su biya gaba ɗaya?
9. Su ke biyan gareji kai tsaye, ko kai za ka biya su mayar maka? Cikin kwana nawa?
10. In ka sayar da motar, garantin na bin ta? In ka fasa, ana mayar da saura?

Duk amsar da aka ba ka da baki, ka ce a nuna maka layin da take a takarda. In Faransanci ne ko Turanci, tafi da ita gida, wanda ka amince da shi ya karanta maka daga farko har ƙarshe. Mai sayarwar da ya hana ka fita da takardar, ko ya ce farashin na yau ne kaɗai, ya riga ya ba ka amsa. Kuma a sani kuɗin garanti abin tayawa ne kamar kowane kaya. Mu da ke kwana muna ja-in-ja a kan jikka biyar a cinikin saniya, bai kamata mu karɓi farashin farko a nan ba.

To, wa ya dace ya saya?

A ganinmu zai iya amfanar wanda ya cika waɗannan: motarsa sabuwa ce daga hannun wakili, ƙarin na kamfanin da ya ƙera ta ne, motar mai na'urori da yawa ce da giya mai sauya kanta, irin wadda kanikawan gari ba su da kayan aikinta, yana zaune kusa da garejin kamfani, yana shan mai a gidan mai, kuma zai riƙe ta har bayan garantin asali. Irin motar da Alhaji ke hawa cikin gari ke nan, ko ta ofishin ƙungiya. Haka kuma mai sayen sababbin manyan motoci da yawa a lokaci ɗaya yana da bakin da zai nemi kwangila ta musamman wadda ta ambaci aikinsa da hanyoyinsa.

Amma ga tsohuwar DAF ko Marsandi ko MAN da ta sauko daga jirgi, ga akori-kurar da ke bin kasuwannin daji, ga duk motar da ke tsallaka iyaka kowane mako, mun fi ganin a riƙe kuɗin. Akwai inda za su fi amfani. Na ɗaya, a biya ƙwararren bakanike, wanda ba na mai sayarwa ba, ya duba motar sosai kafin a saya, a kuma gwada ta da lodi. Kada a yi cinikin biri a sama, ta hoton waya. Na biyu, a zaɓi irin motar da kayan gyaranta ke samuwa a kowace tasha daga Agadas har Legas. Waɗanda suka ga karyewar darajar sefa a Janairun 1994 sun tuna yadda kuɗin kayan gyaran waje ya yi tsalle cikin ɗan lokaci, masu motocin da ba a saba da su ba suka jingine su. Na uku, a buɗe wa kowace mota asusunta, duk lodin da ta yi a cire wani abu a ajiye, kada a taɓa sai don gyara. In shekara ta ƙare ba ta lalace ba, kuɗin na nan a hannunka. Na huɗu, masu motoci na reshe ɗaya suna iya haɗa asusun taimakon juna, da ma'aji da littafi da shaidu, yadda wanda motarsa ta mutu a hanya zai sami abin hayar wata nan take ya tsirar da dabbobinsa. Wannan ita ce asarar da ta fi yi mana ciwo, kuma babu takardar garantin da ke ɗauke ta.

Muna roƙon shugabannin rassa su karanta wannan bayani a taronsu na gaba saboda ƴan uwan da ba su sami karantawa ba. Wanda aka ba shi irin wannan takarda yana iya kawo ta ofishin ƙungiya a duba tare kafin ya biya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya tsare mana hanya, ya kiyaye dukiyoyinmu, ya sa albarka a kasuwa. Amin. Wassalam.